Daren da aka binne AJ Styles: Yadda kokawar zamani ta rikiɗe ta koma fim

Ranar 4 ga Afrilun 2020, masu bibiyar kokawar zamani ta Amurka, wadda aka fi sani da restilin, suka zauna kallon WrestleMania karo na 36, babban bikin shekara na kamfanin WWE. Wasan da ya rufe daren bai yi kama da komai da suka saba gani ba. Babu dandamali mai igiya, babu alƙalin wasa, kuma babu ɗan kallo ko ɗaya.

Motar ɗaukar gawa ce ta fara shigowa wata maƙabarta cikin duhu. Aka sauko da akwati, aka buɗe, sai ga AJ Styles ya fito yana dariya. Can kuma sai ƙarar babur, ga The Undertaker tafe, ana rako shi da kiɗan ƙungiyar Metallica. Suka yi ta dukan juna a tsakanin kaburbura. Yaran Styles biyu, Luke Gallows da Karl Anderson, suka kawo masa ɗauki tare da wasu mutane masu lulluɓe. Har Styles ya cilla Undertaker cikin rami ya hau tarakta zai zuba masa ƙasa, sai haske ya tashi a bayansa, ga mutumin da ya jefa rami tsaye. Daga ƙarshe Styles ne ya kwana a ramin. Hoton da ya tsaya wa mutane a rai shi ne hannunsa sanye da safa, ya leƙo daga cikin tulin ƙasa.

Kimanin minti 20 aka nuna, amma rahotanni sun ce an kwashe kusan awa takwas ana ɗauka, daga dare har asuba. An yi amfani da kyamarori da dama, an sa hayaƙi da fitilu da kiɗa, sannan aka zauna aka tace hoton kamar yadda ake yi wa kowane fim. An raɗa masa suna Boneyard, kuma shi ne wasa na ƙarshe da Undertaker ya yi a rayuwarsa ta kokawa.

Abin da korona ta ƙwace

A babban filin wasa na Raymond James da ke Tampa a jihar Florida aka shirya yin bikin, gaban dubun-dubatar mutane. Annobar korona ta rushe wannan shiri. Aka koma ɗan ƙaramin zauren atisaye na kamfanin da ke Orlando, aka naɗi wasannin tun ƙarshen Maris, aka raba su kwana biyu.

Wanda ya kalli sauran wasannin ya ga yadda kokawa take idan babu mutane. Kana jin numfashin ’yan wasa, kana jin ƙarar katako duk lokacin da wani ya faɗi, in an yi abin bajinta kuma sai shiru ya biyo baya. Drew McIntyre ya shafe shekaru yana neman kambun WWE, ranar da ya ƙwace shi daga hannun Brock Lesnar babu wanda zai tafa masa, sai kyamara ya miƙa wa hannu yana godiya.

Wannan ba ƙaramin rashi ba ne, domin a restilin ’yan kallo suna cikin wasan. Ƙwararren ɗan kokawa da kunne yake aiki. In ya ji ihu ya yi sanyi sai ya ƙara wuta, in ya ji mutane sun kamu sai ya ja abin ya bar su suna jira. Ko a kokawar gargajiya tamu, ɗauke makaɗa da masu kirari da taron jama’a ka ga abin da zai rage a fili.

Akwai dai bambanci tsakanin biyun. Tsohuwar muhawarar nan ta gidan kallo, ko restilin gaske ne ko ƙarya, kamfanin da kansa ya kashe bakinta tun 1989, lokacin da ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba. Wanda zai yi nasara an san shi tun kafin a fito. Abin da ya rage na gaske shi ne jiki: faɗuwar gaske ce, ciwon gaske ne, kuma sau ɗaya ake yi gaban mutane, ba a cewa a dakata a sake. Wannan alkawarin ne kokawar fim ta karya. Tambayar ita ce me ta bayar a madadinsa.

Ba korona ta ƙirƙiro ta ba

An daɗe ana taɓa abin. A 1981 Jerry Lawler da Terry Funk sun kara a zauren wasa na Memphis babu kowa a kujeru. A 1987 Antonio Inoki da Masa Saito na Japan sun tafi tsibirin Ganryujima suka yi fiye da awa biyu suna fafatawa, kyamara kaɗai ce shaida. A 1996 Roddy Piper da Goldust sun fara faɗa a bayan wani ɗakin shirya fim na Hollywood, har aka cusa ainihin hotunan ranar da ’yan sanda suka bi motar O.J. Simpson, aka ce wai Piper ne ke bin abokin faɗansa. A 1999 kuma Mankind ya danne The Rock da motar ɗaga kaya ya karɓe kambu, a wani zauren da babu ɗan kallo.

Duk waɗannan kokawa ce da aka fitar daga dandamali. Masu fim ba su shigo sosai ba sai 2014, da shirin Lucha Underground na tashar El Rey, mallakar darakta Robert Rodriguez. Wasannin a gaban mutane ake yi a wani tsohon sito da ke Los Angeles, amma duk abin da ke faruwa a bayan fage an ɗauke shi ne kamar fim mai dogon zango. Mai gidan kokawar, Dario Cueto, ɗan wasan kwaikwayo ne aka ɗauko. A cikin labarin ana kashe mutane, wasu su tashi daga mutuwa, wani ma dodo ne. Zango huɗu shirin ya yi ya tsaya a 2018.

Haukan Matt Hardy

Wanda ya buɗe ƙofar da gaske shi ne Matt Hardy, kuma a lokacin da kowa ke ganin tauraronsa ya dushe. A 2016 shi da ƙanensa Jeff suna kamfanin TNA, wanda ke fama da rashin kuɗi da ƙarancin masu kallo. Matt ya ƙirƙiro wani sabon hali: mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu saboda kayen da ƙanensa ya yi masa, ya rina wani ɓangare na sumarsa fari, yana magana da wani irin harshe da ba a san na wace ƙasa ba ne. Da farko dariya aka riƙa yi masa.

Ranar 5 ga Yulin 2016 aka nuna The Final Deletion, wanda aka ɗauka a gidan gonar ’yan’uwan da ke Cameron a jihar North Carolina. Abin da ake faɗa a kai shi ne wa zai ci gaba da amfani da sunan Hardy. Matt ya tura ƙananan jirage marasa matuƙi gidan Jeff, ya hau injin yankan ciyawa ya ɓata zanen da Jeff ya yi a farfajiyarsa. Da dare suka haɗu a dandamalin da aka kafa a fili, suka koma harbin juna da tartsatsin wuta irin na biki, Matt ya ɓuya a bayan wani tsohon kwale-kwale. Har mai kula da lambun gidan sai da ya samu rawar takawa. Aka ƙare da Jeff ya hau wani dogon tambari na katako zai diro, Matt ya cinna wa abin wuta.

Shirme ne, kuma su ma sun san shirme ne. Amma ba su taɓa yin alamar suna wasa ba, kuma nan ne sirrin yake. Mai kallo ya san tarihin waɗannan biyun tun suna samari suna dirowa daga kan tsani a 2000, ya san sun sha rabuwa da shiryawa, don haka ƙarƙashin shirmen akwai wani abu da kowane gida ya sani, wato kishin wa da ƙane a kan wanda duniya ta fi so. Bidiyon ya karaɗe intanet, mutanen da suka manta da TNA suka dawo leƙe. Jeremy Borash, wanda ya yi aikin ɗauka da tacewa, daga baya WWE ta ɗauke shi, kuma yana cikin waɗanda suka haɗa Boneyard.

WWE ta gwada kwaikwayo tun kafin annoba, ta sha ƙasa. A Afrilun 2017 aka haɗa Randy Orton da Bray Wyatt a wani gidan tsoro. Mutanen da suka sayi tikiti a San Jose suka zauna suna kallon allo kamar a silima, ga shi kuma a bidiyon dare ne tsulum, alhali a garin rana ba ta faɗi ba. Aka yi ta tsaki.

Tsoho da kyamara

Me ya sa na maƙabarta ya karɓu? Amsar tana jikin Undertaker.

Mark Calaway, sunansa na gaskiya ke nan, yana da shekara 55 a lokacin. An yi masa tiyata ba sau ɗaya ba, har da ta ƙugu. Tun da Lesnar ya katse masa jerin nasarori 21 a WrestleMania a 2014, duk fitowarsa sai ta zama abin fargaba ga masoyansa. Mafi muni shi ne karawarsa da Goldberg a Jidda a Yunin 2019, inda aka sauke shi a kan wuyansa saura ƙiris a yi ɓarna, kuma ɓacin rai ya fito ƙarara a fuskarsa bayan an tashi. Mutum ne da ya shafe shekara 30 yana taka rawar wanda ba ya mutuwa, ga shi tsufa na kayar da shi gaban kowa.

Kyamara ta ba shi abin da dandamali ya daina ba shi. Zai iya hutawa tsakanin ɗauka da ɗauka. In naushi bai yi kyau ba a sake. Duhu ya rufe nauyin ƙafa. Amma masu shirin ba su ɓoye tsufan gaba ɗaya ba, sai suka mai da shi labarin. Makonni kafin wasan Styles yana kiransa da sunan yanka, yana ce masa tsoho, yana jawo matarsa cikin zance. A maƙabartar ma an nuna shi yana haki, yana rarrafe, Styles na yi masa ba’a. Saboda haka da ya miƙe ya rama, abin ya yi ma’ana. Jinin da aka gani a hannunsa na gaske ne, gilashin motar gawar ne ya yanke shi.

A ganina wannan ne kaɗai hanyar da ta rage masa ya fita da mutunci, kuma da alama shi ma ya gane haka. Bayan ’yan watanni ya ce ba shi da sha’awar komawa, a watan Nuwamba kuma aka yi masa bankwana a Survivor Series, shekara 30 cif da fara fitowarsa a wannan biki.

Styles ya dawo bayan wata guda kamar ba a taɓa binne shi ba. Gallows da Anderson kuwa, ranar 15 ga Afrilu suka tsinci sunayensu cikin waɗanda kamfanin ya sallama don rage kashe kuɗi, kwana 11 bayan sun fito a babban wasan shekara.

Shari’ar John Cena

Na dare na biyu ya fi na farko ƙarfin hali. An sanar da shi a matsayin karawar John Cena da Bray Wyatt, amma kusan babu kokawa a ciki.

Wyatt, wanda sunansa na gaskiya Windham Rotunda, yana da fuska biyu a lokacin. Ɗaya mai gabatar da shirin yara ne mai fara’a da ’yan tsanansa, a wani ɗaki da ya kira Firefly Fun House. Ɗayar kuma dodo ne mai suna The Fiend. Cena ya shiga wata ƙofa a wannan ɗaki, sai ya riƙa faɗawa cikin tarihin kansa mataki-mataki.

Ga shi da gajeren wandon da ya fara fitowa da shi a 2002, yana kai wa Wyatt duka yana kuskurewa. Ga shi a salon shekarun 1980 yana ɗaga ƙarfe har hannuwansa suka mutu, abin da ke nuni da yadda mai kamfanin na wancan lokaci, Vince McMahon, yake fifita masu ƙwanji a kan masu basira. Shi kansa McMahon ɗin an yi ’yar tsanarsa da ƙahonin shaiɗan tana sharhin wasa, a shirin da a lokacin shi ne mai shi. Ga Cena mawaƙin gambara, wanda ya yi suna da muzanta abokan aiki. Sannan aka koma 2014, lokacin da Cena ya kayar da Wyatt a WrestleMania, kayen da masoya da yawa ke ganin shi ya taka wa Wyatt burki yana tsaka da tashe. A wancan karon Wyatt ya miƙa masa kujera ya ce ya doke shi, Cena ya ƙi. A wannan karon ya kai dukan, sai Wyatt ya ɓace.

Matakin ƙarshe ya fi cizo. Aka sa wa Cena baƙar rigar nWo, gungun da Hulk Hogan ya jagoranta a 1996 lokacin da ya bar zama akta ya koma bos. Shekara da shekaru rabin ’yan kallo na yi wa Cena ihu suna neman ya yi irin wannan juyi, kamfani ya ƙi, domin shi ne gwarzon yara kuma shi ke sayar da riguna. Cena ya hau Wyatt da duka cikin fushi, da ya duba sai ya ga ’yar tsanar alade yake bugu, wadda ke wakiltar Wyatt na farko, lokacin da ake yi masa gorin ƙiba. Dodo ya fito ya gama da shi, Wyatt mai fara’a ya ƙirga uku, Cena ya ɓace daga hoto. Bai sake fitowa a WWE ba sai Yulin 2021.

Wanda bai san tarihin ba zai ga hauka ne kawai, kuma wannan gazawa ce ta gaske, musamman ga mai kallon jefi-jefi. Amma babu yadda za a yi a faɗi wannan magana a dandamali. Babban tauraron kamfani ya yarda an zaunar da shi an karanto masa laifuffukansa, kuma da hannunsa a tsara abin.

Da abin ya wuce gona da iri

Ganin an yaba, sai kowa ya ɗauko kyamara. A watan Mayu WWE ta kai gasar Money in the Bank hedkwatarta da ke Stamford, maza da mata suka fara daga ƙasan bene suna tsere zuwa rufi, ana jifa da abinci a hanya, har aka nuna an cillo mutum biyu daga sama, washegari kuma ga su garau. Kamfanin AEW, na Tony Khan wanda iyalinsa ke da ƙungiyar Fulham ta Ingila, ya yi nasa a filin ƙwallon Jacksonville, mutum biyar-biyar, wani a kan doki, wani a cikin wurin ninƙaya. Wannan ya yi armashi domin bai ɗauki kansa da muhimmanci ba.

Sauran kuwa sai a hankali. An yi faɗa a fadama wanda duhu ya hana a ga komai. An yi wasan da sharaɗinsa shi ne a ƙwaƙule wa mutum ido, aka nuna idon roba. A Mayun 2021 aka kewaye dandamali da gawawwaki masu tafiya don tallar wani fim. A ɗaya daga cikin irin waɗannan, a Yunin 2020, an ga wani ƙato sanye da baƙaƙen kayan ninja, fuska a rufe. Omos ne, haifaffen Legas, wanda daga baya ya zama mai tsaron lafiyar AJ Styles har suka ci kambu tare.

Matsalar ɗaya ce a dukkansu. Babu wani abu da aka kasa faɗa a dandamali wanda ya sa aka nemi kyamara, wuri kawai aka sauya. Kuma da zarar mai kallo ya san akwai katifa a inda hoto bai kai ba, faɗowa daga bene ba ta ƙara tsinka masa zuciya.

Kada kuma a ɗauka naɗi na hana rauni. Edge ya yage tsokar damtsensa a wasan da aka naɗa tsakaninsa da Orton a wannan watan na Yuni, wanda har da ihun ’yan kallo na ƙarya aka sa masa, kuma bai dawo ba sai Janairun 2021.

Wanda ya ci moriyar salon bayan Undertaker shi ne Sting. Ciwon wuya ya raba shi da kokawa tun 2015. A Maris ɗin 2021, yana da shekara 61, AEW ta dawo da shi ta hanyar faɗan da aka ɗauka a wani tsohon sito, tare da matashi Darby Allin. Da ya ga jikinsa ya ɗauka sai ya koma gaban mutane, ya yi shekara uku yana wasa kafin ya yi ritaya a Maris ɗin 2024.

Bayan dawowar jama’a

Daga Yulin 2021 da aka sake buɗe zaurukan wasa, kokawar fim ta koma abin da ake gani jefi-jefi. Dalilin a fili yake, wanda ya biya kuɗin kujera ba allo ya zo kallo ba.

Sai dai ta bar gado. A watannin shiru ne aka gano cewa maganar da ’yan wasa ke yi a cikin dandamali na iya ɗaukar labari. Karawar Roman Reigns da ɗan’uwansa Jey Uso a ƙarshen 2020, inda kyamara ta matso ana jin Reigns yana tilasta masa ya amince da shugabancinsa a dangi, daga nan ta samo ƙarfi, kuma ita ta haifi labarin Bloodline da ya riƙe kamfanin shekaru. Yanzu za ka ga kyamara ɗaya ta biyo ɗan wasa tun daga wurin ajiye motoci har cikin taro ba a yanke ba. A 2025, shekarar da shirin Raw ya koma Netflix, har ɗakin marubutan labarin aka buɗe wa masu kallo a wani shiri mai suna WWE: Unreal.

Juyin da aka nuna wa Cena a mafarki kuwa ya zo a zahiri ranar 1 ga Maris ɗin 2025, a Toronto ta Kanada. Ya rungume Cody Rhodes, ya kalli The Rock ta bayan kafaɗarsa, fuskarsa ta sauya, sannan ya kai wa Rhodes shuri a ƙasan mara. Dubban mutane ne a wurin, kuma ihun da suka yi babu wanda ya naɗa shi tun da farko. Cikin sa’o’i masoya suka tono hoton Cena da baƙar rigar nan ta 2020 suna yaɗawa.

Bray Wyatt bai ga wannan rana ba. Ya rasu ranar 24 ga Agustan 2023 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 36.